Shehu Muhammadu Alkashinawi, Bakatsinen da Ya Zauna a Bayan Azhar



Da aka raba wa 'yan ajin ƙarshe aikin ɗan littafinmu na bana, mu aka ba tarihin malami ɗaya daga cikin magabata, aka ce mu zaɓa da kanmu. Abin da ya kai mu ga wanda muka zaɓa ɗan ƙaramin abu ne. Wata rana da damina muna zaune muna jiran malamin nahawu, ruwa ya tsare shi a hanya, kun dai san yadda gbaka ke cushewa a Ajame in sama ta zubo. Don rashin abin yi, sai ɗayanmu ya juya bayan littafin da ke hannunsa, ya shiga karanta adireshin maɗaba'a da ƙarfi yana kwaikwayon mai labarai a rediyo. Adireshin na wani lungu ne mai suna Darbul Atrak, a bayan masallacin Azhar, a birnin Alkahira. Daidai nan malam ya shigo, lemarsa na ɗiga. Mun ɗauka faɗa za mu sha. Sai ya tsaya ya sa aka maimaita sunan lungun, sannan ya gaya mana cewa wani Bakatsine ya taɓa zama a cikinsa kusan shekara 300 da suka wuce, har ya koyar da ɗaya daga cikin manyan malaman Masar, kuma a wannan birnin aka binne shi.

Ranar dai ba a yi nahawu ba. Washegari malam ya zo mana da juzu'in farko na Aja'ibul Asar, littafin tarihin da Abdurrahman Aljabarti ya rubuta, ya buɗe mana inda aka kawo rayuwar mutumin. Abin bai da yawa, amma sai da muka yi mako biyu muna fama da shi, mu da ƙamus.

Muna da wani dalilin kuma. A ajinmu akwai masu haɗa takardu yanzu haka, wasu na neman Alkahira, wasu Madina, wasu Jami'ar Musulunci ta Say a Nijar. In ka zauna kusa da iyayenmu mata suna maganar tafiyar, ba za ka ji suna tambayar wane littafi za a karanta a can ba. Su damuwarsu me yaro zai ci, ina zai kwana, in ya kwanta ciwo wa zai ɗora masa ruwan zafi. Da muna yi wa tambayoyin nan dariya, muna cewa na tsofaffi ne. Tun da muka karanta tarihin wannan bawan Allah muka daina.

Sunansa Muhammadu ɗan Muhammadu, Bafulatani, mutumin ƙasar Katsina. Larabawa sun rubuta shi Alfulani Alkashinawi Assudani, don a wancan zamani duk ƙasashenmu Biladus Sudan suke kiransu. A cikin nasabarsa akwai kuma Addanrankawi, wato mutumin Ɗan Ranko, wani gari a ƙasar Katsina da aka sani da Wangarawa 'yan kasuwa. Wangarawan nan kuwa dangin Julawan da muke cin kasuwa ɗaya da su ne, muke tsayuwa sahu ɗaya da su a babban masallacin Ajame. Ashe zaman Hausawa da Julawa ba a Abijan aka fara shi ba.

Katsinar da ya tashi a cikinta ta riga ta ga Wali Ɗan Marina da Wali Ɗan Masani, wanda ya rasu a 1667, hasumiyar Gobarau kuma tana nan tsaye. Mun kawo wannan ne saboda akwai cikinmu masu zaton karatu a ƙasar Hausa da jihadin 1804 ya fara. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah Ya jiƙansa, a 1754 aka haife shi, lokacin Alkashinawi ya shekara 13 a kabari.

Aljabarti ya lissafa malamansa na gida: Shehu Muhammadu ɗan Sulaimanu, mutumin Barno da Bagarmi, da Shehu Muhammadu Bindu, da Shehu Hashimu, da Shehu Muhammadu Fodu. Wannan na ƙarshen shi ne wanda karatu ya fara buɗe masa a hannunsa. Ya lizimce shi wajen shekara huɗu, a gida da kan hanya. Duk wanda ya san zaman almajiri da malaminsa ya san abin da shekara huɗun nan ke nufi: kai ne da gafakar littattafai, kai ne da buzu da buta, inda malam ya yada zango nan ne makarantarku, abin da aka kawo masa ya rage shi ne abincinka. A wannan zaman ya karanta yawancin littattafan adabi, ya ƙware a sarfu da nahawu.

Laƙabi biyu malamin ya ba shi. Na farko, mai Maƙamat. Maƙamat a ƙasashenmu na Hariri ake nufi, mutumin Basra da ya rasu a 516 bayan hijira, labarai hamsin cike da kalmomin da Balarabe ma sai ya nemi sharhi. Alkashinawi ya haddace su, haddar da in aka ambata masa kalma ɗaya sai ya kawo abin da ke gabaninta nan take, ba tare da wahala ba. Ku lura fa, abin da ya gabace ta, ba abin da ya biyo ta ba. Mu Ajurrumiyya ma in aka tsayar da mu a tsakiya sai mun koma farkon babi kafin mu samo hanya. Mun gwada yin baya da baya a aji, wallahi babu wanda ya wuce kalma uku.

Da ya ƙware a nahawu sai malamin ya sauya masa suna, ya koma kiransa Sibawaihi. Wannan laƙabin ya tsaya mana a rai, don shi kansa Sibawaihi ba Balarabe ba ne. Bafarishe ne, ya zo Basra baƙo yana neman hadisi. Ana faɗin cewa a zauren Hammadu ɗan Salama ya yi kuskuren i'irabi, malam ya gyara masa a gaban jama'a, sai kunya ta sa ya ɗauri niyyar koyon ilmin da ba wanda zai sake gyara masa a cikinsa. Ya koma wajen Halilu ɗan Ahmadu, daga baya ya rubuta Alkitab, littafin da duk nahawun da muke karantawa ke komawa gare shi. Ya rasu wajen 180 bayan hijira. To ka ga, sunan baƙon harshe ne aka ba baƙon harshe.

A wajen Shehu Bindu ya karanta hisabi, da sanin lokutan salla ta hanyar rana da taurari, da ilmin haruffa da hatimai. A wajensa ne kuma ya yi usulu da ma'ani da bayani da mandiƙi, da Alfiyyar Iraƙi, da aƙidun Sanusi, ya saurari Buhari, ya ɗauki kashi uku cikin huɗu na Muhtasar Halil. Wato tun bai bar gida ba malami ne. Larabcin littafi a gida ya same shi. Abin da ya rage masa shi ne Larabcin zama da masu harshen, na gaisuwa da ciniki da neman ɗaki da zaman makoki, wanda ba a samunsa a gafaka.

Sai da ya nemi izinin malaminsa kafin ya kama hanyar hajji. Ya ratsa ƙasashe da yawa, yana haɗuwa da sarakunansu da malamansu. A wani zango ya yi wata biyar cur yana karanta ilmin ramli da wasu littattafan hisabi a wajen malamin wurin. Haka tafiyar da take. Mutum ya bi ayari, guzuri ya ƙare, ya tsaya ya koyar ko ya yi rubutu ko ya yi ɗinki, ya tara na gaba, kuma a kowane gari sai wani ya buɗe masa zaure. Yau alhazanmu na tashi daga filin jirgi na Abijan su sauka Jidda ko Madina kafin rana ta zagayo, amma har yanzu suna dawowa suna ba mu labarin wahalar hanya. Shi ya rubuta abin da ya same shi a tafiyarsa a wani littafin rihla. Ya yi hajji a 1142, wato 1730, sannan ya zauna a Makka.

Kalmar da Larabawa ke faɗa wa irin wannan zaman ta burge mu. Wanda ya bar garinsu ya zauna kusa da Harami don ibada da karatu mujawiri ake ce masa, ma'ana maƙwabci. Ɗaliban Azhar ma da wannan sunan aka san su shekaru aru-aru. Ba a ce musu baƙi ba, maƙwabta aka ce. A wannan zaman na Makka ya fara rubuta littafinsa da ya fi shahara, Addurrul Manzum, ya kammala shi a Alkahira a watan Rajab na 1146, wajen ƙarshen 1733. Daga nan har rasuwarsa shekara takwas ce, kuma a waɗannan shekarun muke son mu ɗan daɗe.

Alkahirar da ya tarar tana ƙarƙashin daular Usmaniyya tun 1517. Shugaban malaman Azhar a lokacin Shehu Abdullahi Asshubrawi ne. Masallacin kansa ya riga ya haura shekara 750 ana salla a cikinsa, tun 972. Ba aji, ba benci, ba ƙararrawa. Kowane malami na da ginshiƙin da yake jingina da shi, ɗalibai su kewaye shi a kan tabarma, wanda karatun bai yi masa ba ya tashi ya koma wani ginshiƙin. Jarrabawa irin wadda ke hana mu barci ba ta shigo Azhar ba sai 1872. Kafin nan, in malami ya gamsu da kai sai ya rubuta maka ijaza da hannunsa.

Ɗaliban da suka zo daga nesa an raba musu wuraren zama a jikin masallacin, kowane ana ce masa ruwaƙi. Mutanen Magrib da nasu, na Sham da nasu, Turkawa da nasu, mutanen Jabart na gabashin Afirka da nasu, kuma a jerin da aka rubuta daga baya akwai na Barnawa da na Dakarna, wato mutanen Takrur. Kowane ruwaƙi da shehunsa, mai rubuta sunan sabon zuwa, mai raba faɗa, mai tsaya wa ɗalibi in ya shiga rigima da 'yan gari. In ka duba da kyau, aikin sarkin zango ne sak. Abinci kuwa gurasa ce ake rabawa daga dukiyar waƙafi, sunanta jiraya, kowa da adadin da aka rubuta masa. Ɗalibi ya ajiye 'yan tufafinsa da littattafansa a akwati, dare ya yi ya shimfiɗa tabarma inda ya yi karatu da rana. Mutanenmu ba sababbi ba ne a wannan tsarin. Tun wajen 1240 da wani abu mutanen Kanem suka ba wani alƙali, Ibnu Rashiƙ, kuɗi ya gina makarantar Malikawa a tsohon birnin Masar, inda mutanensu ke sauka. Ayarin Mansa Musa kuma ya bi ta Alkahira a 1324.

Shi Alkashinawi a Darbul Atrak ya fara zama, 'yan taku kaɗan daga masallacin. Lungunan Alkahira na wancan lokaci suna da ƙofofi, ana rufe su da dare, mai gadi ya san kowa da ke ciki. Ruwan sha 'yan ga-ruwa ke ɗebowa daga Nilu a salka. Akwai gidajen gahawa, akwai gidajen wanka, kasuwar Hanul Halili na nan kusa. Duk shekara mazaunin birnin na ganin bikin cikar Nilu, yana ganin fitar ayarin alhazai a watan Shawwal. Mukan zauna mu kwatanta shi a cikin wannan hayaniyar: dattijo daga Katsina, Maƙamat hamsin a kansa, ya tsaya gaban mai gurasa. Don Larabcin titi tun a lokacin ya rabu da na littafi. Shekara fiye da ɗari kafin zuwansa wani malami, Yusufu Almagribi, wanda ya rasu a 1611, ya riga ya rubuta littafi guda a kan kalmomin da mutanen Alkahira ke faɗa a bakinsu.

A nan bari mu kawo labarin wani yayanmu da ya gama wannan makarantar, yanzu yana karatu a can. Shi ne ya fi kowa i'irabi a zamaninsu, har malamai na buga misali da shi. Makonsa na farko ya shiga bas, ya tambayi kwandasta kuɗin mota da Larabcin littafi, da wasullansa da tanwininsa cif. Ya ce mota gaba ɗaya ta fashe da dariya, wani tsoho har yana share hawaye, wani kuma ya amsa masa da muryar mai huɗuba. Shi kuwa ko kalma ɗaya ta amsar kwandastan bai gane ba. Su jimun ga suke faɗinsa, ƙafun kuma su mai da shi hamza, gurasa aish suke ce mata, wato rayuwa. Ya yi wata biyu ba ya son buɗe baki a waje. Mu da muke juya harshe huɗu a rana, Hausa a gida, Julanci a kasuwa, Faransanci a ofis, Nushi a bakin titi, mun san wannan kunyar. Wanda ya taɓa yi wa yaron gbaka Faransancin lakwal ya san irin kallon da ake yi masa.

Yayan namu ya ce abin da ya cece shi wani mai shagon littattafai ne da ya ga yana yawan tsayawa yana duba littafi ba ya saye. Ya fara ba shi kujera, sai shayi, daga baya ya riƙa gyara masa magana yana dariya, har watan azumi ya kai shi gida shan ruwa. Sauran labarin kuma kun saba jinsa a saƙon murya: sanyin Janairu da ba a taɓa gaya wa ɗan Abijan ba, wake da ta'amiyya safe da yamma, layin sabunta takardar zama, masu sa'a su samu gado a Madinatul Bu'us da ke Abbasiyya, saura su haɗa kuɗi su kama ɗaki su biyar a Hayyul Ashir. Ya ce ranar da wani ya zo daga gida da ƙullin acheke busasshe, suka soya kifi suka haɗa garba, akwai wanda ya yi kuka.

To, shi ma Alkashinawi Allah Ya haɗa shi da nasa mai masaukin, kuma wannan haɗuwar ce ta sa muka san sunansa yau. Mutumin shi ne Shehu Hasan Aljabarti, an haife shi a 1698, ya rasu a 1774. Shi kansa jikan baƙi ne. Kakanninsa daga Jabart suka zo, wajen Zaila a gabashin Afirka, kuma gidansu ne ke riƙe da shugabancin ruwaƙin mutanen Jabart kaka da kakanni. Malamin fiƙihun Hanafiyya ne, masanin taurari da lissafi, mai wadata, yana da gida kusa da Azhar da wani a Bulaƙ a bakin Nilu. Gidansa a buɗe yake ga ɗalibai. Ɗansa ya ba da labarin yadda suke shiga su ɗauki littattafai aro, wasu su dawo, wasu su tafi ke nan, shi kuwa bai hana ba. Masu riƙe da littattafan ɗakin karatunmu tun bara, ba da ku muke ba, amma kun ji.

Wannan babban mutum shi ya zauna gaban baƙo daga Katsina ya ɗauki ilmin hatimai da lissafin haruffa da adadi. Baƙon Bamalike, mai gidan Bahanafe. Ɗaya daga yammacin Afirka, ɗaya asalinsa daga gabas, Larabci ne kaɗai ya haɗa bakinsu. Daga ƙarshe Alkashinawi ya bar Darbul Atrak, ya ƙare kwanakinsa a gidan almajirin nasa.

Game da ilmin da ya shahara da shi, gara mu faɗi gaskiya. Addurrul Manzum littafi ne a kan ɗalasimai da taurari, kuma malamanmu sun ja mana kunne a kan wannan fagen, mu ma ba mu buɗe shi ba. Amma a cikin aikinsa akwai lissafi tsantsa wanda kowa zai iya gwadawa. Ka zana gida tara, uku-uku. A layin sama ka sa 4 da 9 da 2, a tsakiya 3 da 5 da 7, a ƙasa 8 da 1 da 6. Ta duk inda ka haɗa, a kwance ko a tsaye ko a karkace, 15 za ka samu. Wannan shi ne mafi ƙanƙanta. A littafinsa Bahjatul Afaƙ ya yi bayanin hanyoyin gina irin waɗannan hatimai masu gidaje da yawa, kuma saboda wannan ne masu tarihin lissafi na zamanin nan ke ambatonsa, har a littafin Africa Counts da ya fito a 1973. Mun gwada mai gida 25 a bayan kaye, sai da muka cinye takarda uku kafin kowane layi ya ba da 65.

Mu dai littafinsa da ya fi taɓa mu shi ne Bulugul Arab min Kalamil Arab, a fannin nahawu. Yaron da malaminsa ya yi wa laƙabi da Sibawaihi a ƙasarmu ya girma ya rubuta littafi a kan ƙa'idar harshen Larabawa, da harshensu.

Ya rasu a 1154, wato 1741, a gidan Shehu Hasan. Kafin rasuwar ya naɗa mai gidan wasiyyi a kan abin da ya bari da littattafansa. Ku tsaya ku duba wannan. Mutum ya zo ƙarshen rayuwarsa, tsakaninsa da Katsina tafiyar watanni ce a cikin hamada, abin da ya fi ƙauna a duniya takardunsa ne, kuma akwai wanda ya yarda da shi har ya danƙa masa su. Shehu Hasan ya binne shi a maƙabartar Mujawirai, a ɓangaren da ake kira Bustanul Ulama, lambun malamai. Ya yi gini a kan kabarin, ya sa aka rubuta sunansa da shekarar rasuwarsa.

Abdurrahman, wanda ya rubuta duk wannan, bai taɓa ganin Alkashinawi ba. A 1167 aka haife shi, shekara 13 bayan rasuwar baƙon. Amma a gidan da baƙon ya bar littattafansa ya tashi, ɗan mutumin da ya binne shi ne. Da ya girma ya zama babban marubucin tarihin Masar, wanda ya ga shigowar Faransawa a 1798 ya rubuta ta, sai ya ba baƙon mahaifinsa wuri a cikin manyan malamai, ya kawo malamansa ɗaya bayan ɗaya, har da laƙabin da aka yi masa yana yaro. Sunayen malaman Katsina da Barno da muka lissafa a sama, ta hannun ɗan mai masauki suka iso mu a Ajame.

Da muka karanta wa wani kakanmu wannan wurin, bai yi mamaki ba ko kaɗan. Ya ce haka su ma suka zo. Daga Maraɗi ko Tawa ko Kano mutum zai sauka a tasha da sunan mutum ɗaya a bakinsa, a kai shi zauren mai gida a Ajame ko Tireshbil, a ba shi tabarma da tuwo, a nuna masa inda ake cinikin goro ko albasa ko shanu, a koya masa gaisuwar Julanci da ƙirgen sefa. In ya rasu ba dangi, mai gidan ne ke yi masa sutura, ya tattara kayansa ya aika gida. Ya lissafa mana mutum huɗu da aka yi wa haka a zaure ɗaya, yana kiran sunayensu da garuruwansu kamar jiya.

Daga nan hirar ta juyo kanmu, kuma ba ta yi mana daɗi ba. A makarantar nan tamu akwai ɗaliban da iyayensu ba sa Abijan. Wasu daga Nijar aka kawo su, wasu daga Burkina ko Mali ko arewacin ƙasar nan, suna kwana a shagon wani ɗan'uwa ko a ɗakin da aka tara kaya. Su ma Larabci suka zo koya a ƙasar da ba tasu ba. Bara ɗaya daga cikinsu, ɗan ajinmu, zazzaɓin sauro ya kwantar da shi, sai da ya kwana uku bai zo ba kafin wani cikinmu ya tambayi ina yake. Da muka je mun same shi shi kaɗai a bayan shago, da ledar ruwa da ƙwayar magani biyu. Wannan yaron ne muke yi wa dariya in ya yi Faransanci. Ya warke, alhamdu lillahi, kuma da ƙaramar salla a gidan ɗayanmu ya ci tuwo, amma kwana ukun nan ba mu manta da su ba. Da izininsa muka rubuta wannan, shi ne ma ya fi mu gane Larabcin Aljabarti da muna fassarawa.

Da muka gama aikin, mun aika wa yayanmu na Alkahira saƙo muka roƙe shi ya je Darbul Atrak ya gano mana. Ya je ranar wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Ya ce lungu ne matsattse, shagunan littattafai dama da hagu, ɗalibai daga Indunusiya da Najeriya da Senegal na ta ciniki da Larabcin da kowa ya iya. Ya ɗauko hoto ya turo, mun ba malam, ya ce in tawadar injin ta isa za a sa shi a bangon baya.

Allah Ya jiƙan Shehu Muhammadu Alkashinawi da malamansa, Ya jiƙan Shehu Hasan da ɗansa Abdurrahman, Ya jiƙan masu zaurukan da suka sauki kakanninmu a wannan gari. 'Yan ajinmu masu tafiya bana, Allah Ya kai ku lafiya, Ya dawo mana da ku lafiya. Amin.